Wayar da Aka Rufe a Langa

Tun ranar da aka yi wa Adda Hafsat aiki a Zariya aka ciro jariri, Inna ta daina cin abinci. Ba ta fito ta ce ta daina ba. A kawo tuwo ta ce a ajiye, a dama fura ta kai baki ta mayar, da yamma kaji su samu rabonsu. Goggo Rahama, ƙanwar marigayi Malam Ɗalha, wadda ta baro gidanta a Malisa ta zo Gwandu taya Inna zaman takaba, ita ce ta gaji da kallon abin. Ta fita ƙofar gida, inda waya ke ɗan kamawa, ta kira Juwairiyya, ƙanwar Hafsat, a Kalgo.

Juwairiyya tana ɗakin karatu na jami'a lokacin. Ta fito da gudu tana danne wayar a ƙirji, domin tun rasuwar mahaifinsu, tsoron kira daga gida take yi. Goggo ta ce kowa lafiya, sai dai Innarta na neman zama kara. An gaya mata Hafsat ta samu sauƙi, an kunna mata muryarta da mijinta Shamsuddeen ya turo, ta saurara ta kau da kai.

"Kin san ba ta tambaya, ɗiyar fari ce," in ji Goggo. "Amma ni na san ciwonta. Ido taka so."

Juwairiyya ta gane. Ranar da Malam ya cika a asibiti a Birnin Kebbi, tun hantsi maza suke aiko wa Inna cewa da sauƙi, da sauƙi, har motar da ta ɗauko gawar ta tsaya a ƙofar gida. Haka ake yi, don kada a sari mutum da labari. Amma tun daga ranar, in aka ce wa Inna da sauƙi, sai ta fara duba fuskokin mutane. Ga shi tana takaba, ba halin tafiya Zariya. Ga kunyar ɗan fari, wadda ta hana ta ko ambaton sunan Hafsat tun haihuwarta. In ta kama dole, sai ta ce waccan, ko mutuniyar Zariya.

Kiran bidiyo ne maganin, kowa ya san haka. Matsalar ita ce gidansu a kwari yake, ginin ƙasa mai kauri, rufin kwano. Sabis ba ya shiga ɗakin Inna ko da kuskure. Wuri ɗaya tak intanet ke kamawa, saman katangar da ke bayan turken awaki, ita ma sai an kifa turmi an hau. Katangar kuma titi take kallo. Mace mai takaba ba za ta hau turmi tana leƙen maza masu wucewa ba.

Maryam, abokiyar ɗakinta a makaranta, ita ta kawo shawarar hosfot. Ta ce ai abu ne mai sauƙi: a ɗora waya mai data a inda sabis yake, a buɗe mata hosfot, sai ta zama kamar rijiya, wata wayar ta riƙa ɗiba daga nesa ta waifai. Juwairiyya ta sa ta nuna mata, ta sake nuna mata, sannan ta zauna ta karance duk abin da ta samu a kan batun, har Maryam ta ce jarrabawa ce za ta rubuta ko waya za ta kunna. Ita dai ta san halinta. Abin da ta karanta yana zama a kanta daram, amma da zarar idanu sun yi mata yawa sai ta rikice.

Ranar Juma'a ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, daga nan ta kama ta Gwandu. Damina ta zauna, gero ya kai kafaɗa a gefen hanya, sama kuma ta yi nauyi ta gabas. Ta isa ana fitowa daga masallaci.

Inna na zaune a kan tabarma cikin farin mayafi, carbi a hannu. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi makaranta, ta tambayi Maryam, ta tambayi ko an yi ruwa a Kalgo. Zariya dai ba ta fito daga bakinta ba. A gefenta langarta ce mai furanni, rufe, da dambun da aka kawo tun safe.

Waya ta biyu ita ce ta marigayi. Tana cikin kayan da ba a raba ba, sai da Goggo ta aika wurin Baffa Sambo, wan Malam, ya ce a ɗauka. Da Juwairiyya ta kunna ta, hoton Baba ya fito da hularsa a karkace, ta daɗe tana kallo kafin ta iya taɓa komai. Sai wani tunani ya faɗo mata, ta fita ƙofar gida ta kira Shamsuddeen ta gargaɗe shi cewa kiran zai shigo da sunan Baba da hotonsa, ya shirya Adda kada ta firgita. Ya gode, ya ce bayan la'asar ake barin masu dubiya su shiga ɗakin mata, kuma ba a daɗewa ake kore su. In ya wuce yau, sai gobe.

Ta kifa turmi ta hau. Awaki suka taru suna shinshina gefen zanenta. Ta ɗaga wayarta sama tana bin katangar a hankali kamar mai neman allura, har ta samu wani gurbi kusa da reshen dogon yaro inda alamar sabis ta cika. Ta buɗe hosfot, ta sa masa kalmar sirri, domin ta san samarin unguwa, da sun hango waifai a buɗe za su yi masa rubdugu. Ta jingina wayar da guntun bulo ta sauko.

A tsakar gida wayar Baba ta hango hosfot ɗin, ta shiga. Nan take ta fara kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. Saƙonnin da suka taru tun rasuwar ne suke zubowa: na ƙungiyar malamai, na 'yan masallaci, hotuna, bidiyoyi, har da na waɗanda ba su ji labari ba suna tambayar Malam jiki. Juwairiyya ta kau da ido daga kansu. Amma ta tuna abin da ta karanta, cewa irin wannan shi ke shanye data kafin a ankara, ta shiga ta hana wayar sauke komai da kanta.

Sai ta nufi ɗakin Inna tana kallon alamar waifai. Tana taka dokin ƙofa, alamar ta ɓace. Ta ja baya, ta dawo. Ta shiga, ta tafi. Goggo Rahama, da ke tsince shinkafa a inuwa, ta ce wannan abu da kunya yake, shi ma ya san ɗakin mai takaba ne.

Juwairiyya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta koma kan turmi. Akwai zaɓi biyu a cikin saitin hosfot ɗin, ɗaya mai sauri amma ba ya nisa, ɗaya mai nawa amma yana ratsa bango. Wayar ta zaɓar wa kanta mai saurin. Ta sauya. Wannan karon alamar ta bi ta har cikin ɗaki, sai dai ta tsaya da ƙyar, kuma a kusa da taga kawai. Aka ja tabarmar Inna zuwa ƙarƙashin tagar. Inna ta matsa ba ta tambayi dalili ba.

Da ta je alwala ta dawo, ta tarar komai ya mutu. Ta sake hawa turmi, ta ga hosfot ɗin ya kashe kansa, wai don ya ji shiru na ɗan lokaci. Ta nemo inda ake hana shi wannan karambani ta hana shi. Daga nan saman turmin ta juyo ta roƙi Goggo, don Allah don Annabi, kada kowa ya gusar da wayar nan daga inda take, ko da faɗin yatsa ne.

"Na ji, Malama," in ji Goggo. "Ko akuya ta kalle ta, ni da ita."

Bayan la'asar gari ya yi duhu-duhu, iska mai ƙamshin ruwa ta fara kaɗa labule. Juwairiyya ta durƙusa kusa da Inna, ta danna kira. Ya yi ƙara, ya yi ƙara, sai ga rufin wani ɗaki fari da fanka tana juyawa. Shamsuddeen bai nuna fuskarsa ba, ya san surukarsa na takaba. Daga bayan wayar ya durƙusar da murya ya yi gaisuwa, ya sake yin ta'aziyya, ya tambayi gida da mutanen gida. Inna ta ja mayafi ta amsa a gajarce. Juwairiyya ta ji kamar ta ce masa ya bar dogon gaisuwar nan, amma ina ita ina katse suruki. Hankalinta duk yana kan ƙaramar alamar da ke saman wayar, shi ya sa ba ta ji yayyafi ya fara taɓa kwanon rufi ba, ba ta kuma ga lokacin da Goggo ta sunkuya ta ɗauki wani abu a gefen tabarma ta fice ba.

Shamsuddeen ya ce bari ya juya mata wayar. Hoton ya yi lilo, ya wuce taga, ya wuce ƙarfen da aka rataya ledar ƙarin ruwa, ya sauka a kan gado. Sai ya tsaya cak.

Adda Hafsat ce kwance, farin zane har ƙirji, idanunta a rufe, bakinta a ɗan buɗe. Ba motsi. Ƙarar fankar ma ta ɗauke.

Inna ta jira. Juwairiyya ta ga carbin ya daina tafiya a hannunta. Ta matso da fuskarta har numfashinta ya yi hazo a gilashin wayar.

"Hafsatu," in ji Inna a hankali.

Tunda Juwairiyya ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan nan a bakin nan ba. Ya fito a baƙo, kamar kayan da aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati.

"Hafsatu. Ke, Hafsatu, buɗe idonki."

Juwairiyya ta fara bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna. Ta ce sabis ne ya yanke, hoton ne ya daskare, haka yake yi, ƙiftawa kawai ta yi aka kama ta a haka, wallahi lafiyarta lau. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke kama da wata maganar. Inna ta ɗago ta dube ta, ba hawaye a idonta, kuma da hawayen ne da ya fi sauƙi.

"Haka kunka ce mini waccan rana."

Ba abin da za a faɗa ya yi aiki. Juwairiyya ta duba saman wayar, alamar waifai ta tafi gaba ɗaya. Ta fita ba takalmi. Kafin ta kai turken awaki ta riga ta kashe wayarta sau da yawa a zuci: iska ta jefar da ita titi, wani ya miƙo hannu ya ɗauke, caji ya ƙare, ruwa ya shiga.

A saman katanga, daidai gurbin nan kusa da reshen dogon yaro, langar Inna ce zaune da furanninta, murfi a rufe ruf. A ƙasa kaji na wawason dambu. Goggo Rahama na saukowa daga turmi tana gyara ɗaurin zane, fuskarta cike da jin daɗin wanda ya yi abin kirki ba a sa shi ba.

Ta ce ta ga ruwa na shirin lalata dukiya, ta rasa abin da ke kusa sai langar, ta zubar da dambun tunda mai shi ba ci take ba, ta goge ciki da gefen zane. Kuma Juwairiyya ta duba da kyau, ba ta gusar da ita ba. Inda ta ɗauke ta nan ta mayar, ko faɗin yatsa ba ta ƙara ba.

A gidan nan duk abin da ake ji da shi a langa yake kwana. Goro, turare, 'yan kunnen zinariya, maganin hawan jinin Baba, duk a langa, a rufe. Goggo ba ta yi wa wayar komai ba sai abin da ake yi wa abu mai daraja.

"Goggo, ƙarfe ne," in ji Juwairiyya, tana hawa turmin. "Ƙarfe ba ya barin sabis ya shiga, ba ya barin ya fita."

"To ruwan fa? Shi yana barin?"

Gaskiyarta. Yayyafin ya fara ƙarfi. Juwairiyya ta ciro wayar, tana ƙamshin man gyaɗa da albasa, ta ga alamar sabis na dawowa ɗaya bayan ɗaya kamar mai farfaɗowa daga suma. Ta waiga tana neman abin da ba ƙarfe ba. Idonta ya faɗa kan ƙwaryar tatsar awaki da ke kife a kan danga. Goggo ta miƙo mata, ta jingina wayar, ta kifa ƙwaryar a kai. Iska ta ɗaga gefenta. Kafin ta yi magana Goggo ta ce ta sauka, ita za ta hau ta danne, laifinta ne, ta tafi wurin uwarta.

Ta koma ɗaki tana addu'ar kada a ce an kori masu dubiya. Inna na nan yadda ta bar ta, wayar Baba a cinyarta, fuskar wayar ta yi duhu. Juwairiyya ta karɓa ta kai ta taga. Wayar ta yi ta lalube. Sai alamar ta fito, siririya, kuma kafin ta danna komai kira ya shigo daga can.

Abin da ya fara cika ɗakin dariya ce, irin ta mai ciwo, ana yi ana cewa wash. Adda Hafsat ta jingina da matashi, hannu ɗaya dafe da ciki, idanunta a buɗe tar. Ta ce su ma a can hoton Inna ne ya tsaya musu, ta matso hancinta ya cika waya, har matar gadon kusa ta tambaya ko wace ce. Sannan muryarta ta karye ta ce, "Inna, ina wuni."

Inna ta daɗe tana kallo. Kafaɗunta suka sauka a hankali, kamar an sauke mata tulu. Sai ta kau da kai gefe, ta gyara mayafi, ta dubi Juwairiyya.

"Ce mata ta ɗaga hannu."

Hafsat ta ji, ta ɗaga, ta kaɗa yatsu, ta juya kai hagu da dama, ta tambaya ko ta tashi ta yi rawa ne.

"Ce mata ta bar dariya, ɗinki ne a jikinta. Ce mata ta riƙa shan kunun kanwa, ko can ba su da shi?"

Haka hirar ta tafi, uwa da 'ya suna kallon juna ta gefen ido, Juwairiyya a tsakiya tana isar da saƙon da ya riga ya isa. Aka kawo jaririn, ja wur, fuska a yamutse, yana hamma. Shamsuddeen ya ce daga bayan waya, in Allah ya kai mu ranar suna, sunan Malam zai ci. Inna ta rufe baki da mayafi. Da ta buɗe, cewa ta yi a je a karɓi baiwar Allah da ke kan turmi, ta zo ta ga jikanta kafin ruwa ya narkar da ita.

Juwairiyya ta karɓi ƙwaryar. Ta tsaya a kan turmi, hannu a sama, ruwa na bin hannun rigarta yana gangarawa har gwiwar hannu, awaki sun laɓe a rumfa suna kallonta. Daga nan tana jin Goggo na buɗa, tana jin ta tana tsokanar Inna cewa ta shiga uku, ga ɗiyar da ba ta faɗin sunanta ta haifo mata wani sunan da ba ta faɗi. Wani mai keke ya wuce a titi ya ga yarinya tana riƙe da ƙwarya a saman katanga cikin ruwa tana murmushi ita kaɗai, ya waiga har ya kusa faɗawa kwata.

Da aka kori masu dubiya a can, kiran ya ƙare, ta sauko ta kashe hosfot, ta shiga ɗaki tana ɗiga. Saƙo ya riga ya shigo wayarta daga Adda Hafsat, tana tambaya me Inna take cewa lokacin da hoton ya tsaya, don ta ga bakinta a buɗe. Juwairiyya ta karanta, ta ɗaga ido. Inna na kallonta ta saman carbi. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya karatun fuskar 'yarta. Juwairiyya ta rubuta cewa salati take yi, ta ajiye wayar.

Inna ta shafa gefen tabarma, ta shafa ɗaya gefen, ta leƙa bayan matashi.

"Rahama, ina langata? Dambu na a ciki."

Goggo ta ce dambu kam kaji sun yi mata godiya.

"Wa ya ce muku na ƙoshi?"

Goggo ta tashi tana gunaguni cewa ga itace ya jiƙe, ga mutane sai an zubar da abu suke tuna suna so. Amma tun kafin ta kai madafa ta fara waƙa. Juwairiyya ta ɗauko langar daga kan katanga, ta wanke ta, ta bi bayanta.